Wifin Shagon Isufu da Wainar Saratu

Da sunan Allah mai rahama, mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Balkisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gidan da suka sauke ki. Ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, kin huta gajiyar hanya, kin fara gane kan garin Dungas. Allah ya tsare min ke a fitarki da shigarki, ya sa ki fara aikin nan a sa'a, ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronsa.

Ranar da za ki tafi na so in zaunar da ke, amma gida ya cika da masu sallama, mai kabu-kabu kuma yana ta kira a ƙofa. Abin da na samu na faɗa miki shi ne ki riƙe salla. Sauran ga shi na rubuto, don na fi sakin jiki da alƙalami.

Na san za ki yi dariya in kin ga a kan salular aiki zan yi miki magana, ni da kika koya wa taɓa ta. Kin fi ni saninta nesa ba kusa ba. Sai dai akwai abubuwan da suka same ni da ita waɗanda ban taɓa ba ki labarinsu duka ba, don kunya. Yanzu da ke ma kika zama sajfam, ungozomar gidan likita kamar ni, za a miƙa miki irinta cike da sunayen matan mutane, gara ki ji su daga bakina.

Lokacin da aka kawo mana salulolin nan a gidan likita na Bande, an kai mu Magarya furmasiyo, wato horo, na kwana uku. Aka nuna mana manhajar da za mu riƙa rubuta masu ciki: suna, watannin ciki, tansiyo wato awon hawan jini, gwajin jini, da ranar dawowa awo. Ita kuma ta tura duk abin da muka rubuta zuwa babbar ma'ajiyar da ke Magarya. A rana ta biyu mai koyarwar ya yi bayani kan turawar nan, da yadda ake zaɓar lokacin da za ta tura. Ban gane komai ba. Na duba dama da hagu na ga yaran da na girme su da shekara ashirin suna ta gyaɗa kai, sai ni ma na gyaɗa. Na dawo gida na bar salular yadda aka ba ni ita, tana tura komai a kowane lokaci, da duk rezon sadarwar da ta samu.

Kin san rezon ƙauyukanmu, ya zo ya ɗauke. Salular ta riƙa zafi a aljihun rigata, kafin azahar batir ya ƙare. Ni kuwa sai in ce sun ba mu tsohon kaya. Wata Laraba na je awon ciki wani ƙauye ta hanyar Kwaya. Da la'asar ina haɗa kayana aka zo da gudu aka kira ni wani gida. Wata mata ce, Habsu, ta haihu tun hantsi, mabiyiya ta ƙi fita, jini yana ta zuba. Na yi abin da zan iya, na ga ya fi ƙarfin hannuna. Na zaro salula in kira majo, shugaban gidan likitarmu, ya turo ambilans, na tarar ta mutu. Da safe a cike na cire ta daga caji. Yini guda ta yi tana fama ta tura hotuna da ɗigon rezon da bai kai ya kawo ba, har ta cinye kanta. Mazan gidan suna gona da salulolinsu. Muka ɗora Habsu a amalanke, ina durƙushe a kanta ina danne mata mara, surukarta tana kora jaki tana salati, har muka fito babbar hanya muka tare wani mai moto, wato babur, ya kira mana majo da salularsa. An ƙara mata jini a Magarya, ta rayu. Ɗan da ta haifa ran nan yanzu yana gudu da ƙafarsa. Amma na ga idonta yana juyawa a amalanken nan, kuma na san jinkirin daga ina ya zo.

Don haka, Balki, in ana koya miki abu ba ki gane ba, ki ɗaga hannu ki tambaya, ko da ke kaɗai ce a zauren. In za ki fita ƙauye, kada ki bar manhajar tana turawa da rezon katin waya. Ki rubuta aikinki ya zauna a cikinta har ki dawo inda wifinku yake. Batir ɗin da ke aljihunki a daji na kiran taimako ne.

Bayan abin Habsu sai na tsorata, na yi wani kuskuren da ya kusa fin na farko. Na lalubo inda ake kashe turawar na kashe ta gaba ɗaya. Batir ya riƙa kwana biyu bai ƙare ba, ina ta jin daɗi, har ina ba abokan aiki shawara. Majo ya tambaye ni sau biyu me ya sa a Magarya ba sa ganin matana. Na ce masa zan tura, ban tura ba. Kusan wata huɗu duk abin da na rubuta yana cikin salular nan kaɗai, babu shi a ko'ina. Da damina ta yi nisa, muna dawowa daga fita ni da mai tuƙa ni, moto ya zame da mu a wani kwari da ruwa ya cika. Ni ban ji ciwo ba sai gurjewa a gwiwa. Salular kuwa sai da muka lalubo ta cikin laka. Na shanya ta, na binne ta a shinkafa kamar yadda aka ce min, ba ta sake tashi ba.

Sai da na bi gida gida ina roƙon mata su fito min da karnensu na awo, ƴan littattafan da muke ba su, in kwafa. Wasu na nan, wasu gara ta ci, wasu yara sun yaga. Abin da ya hana ni sukuni shi ne na tuna akwai wata Zuwaira da na ga tansiyonta ya hau, na rubuta in neme ta bayan mako guda. Zuwaira uku gare ni a lokacin, a ƙauyuka uku, na kasa tuna wacce ce. Sai a kwana na tara na same ta, ƙafafu sun kumbura, kai yana sara mata. Allah ya taƙaita, muka kai ta kan lokaci.

Kin ga kashewa ma ba tsarewa ba ce. Abin da ke cikin salula ɗaya tak, ki ɗauka kamar ba ki rubuta shi ba. Duk ranar da kika dawo gidan likita, kafin ki cire rigar aiki, ki bari ta tura, ki kuma duba da idonki ki ga ranar turawar ƙarshe ta zama ta yau.

Na ukun shi ne wanda kika sani, amma rabinsa kika gani, don kin zo bayan ɓarnar ta auku. Da aka ba ni sabuwar salula kina lakkol, kina karatun aikin nan a Damagaram, kuna tsakiyar jarrabawa, ban so in dame ki ba. Na kai ta wurin Isufu mai gyaran salula a kasuwar Magarya ya shirya min ita. Ba mugun mutum ba ne, wannan dole in faɗa. Ya tambaye ni kont ɗina, wato asusun da salula ke ajiye kaya a intanet, da kod ɗin sirrinsa, na ce ban san ina da su ba. Ya ce ba komai, bari ya sa nasa don a yi sauri. Na ba shi labarin batir, ya ce zai gyara ta yadda hotuna ba za su tafi ba sai in akwai wifi. Ya haɗa ta da wifin shagonsa ya gwada, ya miƙo min. Na yi ta sa masa albarka.

Abin da ban sani ba shi ne, salula in ta taɓa shiga wani wifi tana riƙe shi, duk ranar da ta sake jin sa sai ta shiga da kanta ba tare da ta tambaye ki ba. Ni kuwa duk ƙarshen wata in na kai rahoto Magarya sai na biya shagon Isufu in sa caji in huta. Ina zaune ina shan ruwa, ita tana kwashe hotunan da ke cikinta tana zubawa a kont ɗinsa. Ga shi ina da wata ɗabi'a: in takardar gwaji ta fito ina cikin aiki, sai in ɗauke ta hoto, in ce in na samu sarari zan shigar a manhaja.

Cikin hotunan nan akwai takardar Saratu mai waina, wadda ke kafa tandarta a bakin kasuwar Bande tun kina ƙarama. Tana ɗauke da cikin autanta ta zo awo, gwaji ya nuna tana da ciwon hanta. Na zaunar da ita na yi mata bayani, na ce za a kula da ita, za a yi wa jaririn allura da zarar ya faɗo. Ta riƙe hannuna ta ce don Allah maganar ta tsaya tsakaninmu, don da tandar nan take ciyar da gida. Na ce mata ta kwantar da hankalinta.

Matar Isufu ƴar Bande ce. Wata rana tana kallon hotuna a salular mijinta ta ci karo da takardar, ga suna, ga unguwa, ga hatimin gidan likita. Ta faɗa wa yayarta. Cikin mako biyu bencin Saratu ya zama wayam. Masu amalanken da ke karyawa a wurinta kowace ranar kasuwa suka koma can gaba. Ta riƙa dawowa gida da ƙullunta.

Ta same ni a gidan likita bayan mata sun watse. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Madam, ke da majo kaɗai kuka sani. Ban zo faɗa ba, so nake kawai in san ta ina ta fita." Na ɗaga hannu na rantse mata da Allah cewa ba daga wurina ba ne. Na rantse ina da yaƙini. Rantsuwar nan har yau ina neman gafara a kanta.

Kwana kaɗan bayan haka kika zo hutu. Na ba ki labari ina faɗan mutanen gari da tsegumi. Kika saurare ni har na gama, sannan kika ce in ba ki salular. Kika zauna a gindin bishiyar bedin tsakar gida, ni ina tankaɗe ina satar kallonki. Kafin in sauke tukunya kika kira ni. Kika nuna min sunan kont ɗin da ke ciki, ba nawa ba. Kika nuna min jerin wifin da salular ta riƙe: na shagon Isufu, na tasha, na masaukin da muka yi furmasiyo, da wasu da ban ma san inda na kwaso su ba. Kika nuna min ranar da hoton takardar Saratu ya tafi, ta yi daidai da ranar da na kai rahoto.

Na zauna a ƙasa. Na jira ki ce min ai da na tambaye ki, don ni da ce a matsayinki da na faɗa. Sai kika ce, "Inna, ba bakinki ne ya faɗa ba, amma daga hannunmu ta fita. Mu za mu gyara." Hannunmu kika ce, alhali ke kina Damagaram lokacin da abin ya faru. Ran nan na shiga ɗaki na yi kuka, kuma ba kukan Saratu kaɗai ba ne.

Washegari muka tafi Magarya. Ni a raina na shirya zagin da zan yi wa Isufu tun daga Bande. Kika riga ni magana. Kika gaishe shi da ladabi, kika jira mutanen shagon suka ragu, sannan kika yi masa bayani a hankali. Mutumin nan gumi ya karyo masa, ya ce wallahi bai lura hotunan wani suna shigo masa ba. Kika tsaya a kansa ya goge su ɗaya bayan ɗaya, kika sa ya buɗe inda gogaggun hotuna ke taruwa ya share can ma, kika cire kont ɗinsa daga salulata. Kika tambaye shi mutum nawa ya sa wa kont ɗin nan, ya shiga lissafi da yatsu. Kika roƙe shi ya neme su duka ya cire, ya kuma daina. Da na zage shi, da ya kare kansa mun rabu a haka. Ke kin fito da abin da muka je nema.

A gida kika sa salular ta manta da duk wifin da ta riƙe, kika hana ta shiga kowanne da kanta. Kika buɗe min kont nawa, kika sa na haddace kod ɗin. A cikin manhajar aiki kika nuna min wurin da ake rubuta sunayen wifin da aka yarda da su, kika rubuta biyu kawai: na akwatin wifin gidan likitarmu da ke aiki da hasken rana, da na babban asibitin Magarya. Kika ce in ba ɗayan biyun nan ta ji ba, ba za ta tura ko harafi ɗaya ba, rezon kati ne ko wifin wani. Tura hotuna kuwa kika kashe shi sam, kika nuna min manhajar tana da wurin ɗaukar hoto nata, wanda ba ya haɗuwa da hotunan suna da biki. Sau uku kika warware saitin kika ce in mayar da kaina. A na ukun na yi tsaki na ce na gaji, kika ce ai ba kullum kike gida ba.

Ni a ganina magana ta ƙare a nan. Na ce tunda an goge, a bar ta ta mutu. Kika ce Saratu tana can har yanzu tana tunanin wa ya tona ta. Na yi ta kawo dalilai, kika tsare ni da ido har na ji kunyar dalilan. Muka je da hantsi muka same ta tana wanke shinkafa. Na faɗa mata komai, har da rantsuwar da na yi kan abin da ban bincika ba. Ta tsame hannunta daga ƙwarya. Ta ce, "Gara da kika faɗa, Madam. Ƙanwata nake zargi, don ita ta raka ni ran nan. Wata guda ke nan ban amsa gaisuwarta ba." Ban san da wannan ba. Da na bi son raina, da na raba ƴan uwa biyu ban sani ba.

Ranar kasuwa kuma kika yi abin da ko a mafarki bai zo min ba. Kika sa farar rigarki ta lakkol, kika je kika zauna a bencin Saratu inda kowa ke gani, kika ce ta zuba miki waina da miya, kika ci a tsanake. Wata mata ta ja ki gefe ta raɗa miki ko ba ki ji abin da ake faɗa ba. Kika ce mata ke ba kya maganar lafiyar kowa a kasuwa, amma ciwon da ta ambata ba a ɗaukarsa a abinci, in tana so ta zo gidan likita a yi mata bayani. Duk ranar kasuwa kika koma har hutunki ya ƙare. A mako na uku majo ya bi ki, daga baya ni ma na samu ƙarfin zuwa. Masu saye suka riƙa dawowa kaɗan kaɗan. Ba duka suka dawo ba, ba zan yi miki ƙarya ba, har yau akwai masu wucewa ta gabanta su kau da kai.

Abin da zan ce miki a nan, ke kika koya min shi, amma ina maimaita miki don aiki zai yi miki yawa, gajiya kuma tana sa mutum sakaci. Wifin da ba shi da kod, kada salular aiki ta shige shi. Wanda aka rubuta kod ɗinsa a bango kowa na karantawa, shi ma haka. In kin je gidan ƙawa ta ce ga wifinsu, ki sa a taki salular, ta aiki ki bar ta a jaka. Za a ce kin cika tsanani, ki yi murmushi ki bar su. Kada ki miƙa ta ga mai gyara ki tafi cefane, ki tsaya a kansa. Kuma in wata ta zo ta ce sirrinta ya fita, kada ki yi saurin rantsuwa kamar uwarki. Ki ce mata za ki bincika, ki kuma fara da kanki.

Da kin fara aiki ki tambayi majonku sunan wifinsu daidai, harafi da harafi, shi za ki rubuta a manhajar. In wata rana kika ga suna biyu masu kama da juna, ki tambaya kafin ki taɓa. Bara da aka canja mana akwati sunan ya canja, salular ta daina turawa shiru, ba ta ce min komai ba. Kwana biyu na ga ranar turawar ƙarshe ba ta motsa ba, na gane, na goge tsohon sunan na rubuta sabon da hannuna. Ban kira kowa ba. Na so in buga miki in yi alfahari, na fasa, na ce sai ranar da zan rubuta miki.

Saratu ta yafe min, ta faɗa da bakinta. Muna gaisawa, ran salla har waina ta aiko. Amma tun daga ranar ba ta sake kwanciya a gadon awona ba. Wurin majo ta koma, haihuwar ma a Magarya ta yi. Ban taɓa tambayarta dalili ba, na san shi. Shekaranjiya da yamma sai ga ta ta yi sallama, ta ce ta ji an tura ki Dungas, gaskiya ne? Na ce gaskiya ne. Ta ce babbar ɗiyarta A'i tana aure a can, tana da cikin fari wata huɗu, ba ta fara awo ba. Ta ce, "Ki rubuta wa Balki. Wurinta zan tura ta, ba wurin kowa ba."

Na ji wani abu ya ɗan soke ni, ba zan ɓoye miki ba, shekarun da na yi ina aikin nan a garin nan. Amma kafin ta kai ƙofa farin ciki ya rufe shi. A'i za ta zo miki cikin makon nan ko na gaba. Ki karɓe ta da kyau.

Babanki yana gaishe ki, ya ce ki riƙa cin abinci kan lokaci. Allah ya yi miki albarka, Balki. Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum, ya rufa miki asiri kamar yadda kike rufa na mutane, ya sa duk macen da ta kwanta a gabanki ta tashi da ɗanta lafiya. Ya dawo min da ke gida cikin aminci.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Mariyama
Bande